Ferrari ta dawo Hot Wheels: na ɓare kwalin nawa, ku zo mu tattauna

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Saƙon da na ce muku ina jira ya iso jiya da la'asar, bayan ya shafe sati biyar a hanya. Motoci huɗu ne a ciki, amma a kan biyu zan yi magana: Ferrari SF90 Stradale da F40 Competizione, dukkansu 'yan layin gama-gari (wato na yau da kullum, masu araha) na Hot Wheels, ƙananan motocin wasa na ƙarfe da kamfanin Mattel ke yi. Ga waɗanda ba su bi labarin ba, an yi shekara goma ba a ga sabuwar Ferrari a kwalin Hot Wheels ba. Yarjejeniyar Mattel da Ferrari ta ƙare a ƙarshen 2014, izinin ya koma hannun masu Bburago da Maisto, wasu masu ƙera ƙananan motoci, sai a 2025 aka sake ƙulla ta. Shi ya sa kowa ya ɗora ido a kan waɗannan.

SF90 ɗin ja ce, jiki ƙarfe, ƙasa roba, kamar yadda aka saba a wannan layin. Ta kwanta ƙasa sosai, kuma da na tura ta a kan tayil ta tafi sak ba ta karkace ba. Amma a gaskiya F40 ce ta tafi da ni. Na daɗe da lura cewa mota mai kusurwa-kusurwa ta fi jure a ƙanƙanta ta. F40 ta 1987 ce, ita ce ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya amince da ita kafin rasuwarsa a 1988, kuma ƙirarta duk layuka ne miƙaƙƙu da wannan fiffike na baya, ko daga bakin ƙofa ka hango ta a kan kanta ka san ita ce. SF90 kuwa kyawunta a lanƙwasa yake, idan aka mayar da ita tsawon ɗan yatsa sai rabin lanƙwasar ta ɓace, ta koma kama da sauran motocin gudu na zamani.

Kafin a tambaya: eh, na ɓare su duka biyun. Ummi ce ma ta fara tura SF90 ɗin a tsakar gida.

Mai Odar Kaya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah da ka tuntuɓe ni kafin ka ɓare! Wannan fitowar farko ce bayan shekara goma. Ko ɗaya ka bari a kwali. Ranar da ka yage robar nan ka zubar da fiye da rabin darajarta, kuma ba ta dawowa. Ni duk wanda ya sayi kaya a hannuna ina ce masa ya sayi biyu, ɗaya ta hannu, ɗaya ta ajiya. Ku dubi Beach Bomb mai ruwan hoda ta 1969 da ke hannun Bruce Pascal a Amurka, ana kimanta ta sama da dala 100,000. Wanda ya adana ne ke cin riba.

Ɗalibi a Penang:
Yaya Mai Oda, da girmamawa, misalin nan bai hau ba. Beach Bomb ɗin ba ta taɓa shiga kwalin sayarwa ba ma. Samfurin gwaji ce. An ƙera ta da allunan wasan ruwa suna leƙowa ta tagar baya, sai aka ga ta yi siriri kuma samanta ya yi nauyi, injin da ke harba motoci a kan titin roba ba ya kama ta da kyau, tana kifewa. Aka sake ƙira, aka faɗaɗa ta, aka mayar da allunan gefe. Masu ruwan hoda na wancan samfurin guda biyu kawai aka sani. Tsadarta daga ƙarancinta take. Ita kuwa SF90 ta Baban Ummi, a nan jihar da nake karatu masana'antar take, kuma 'yan layin gama-gari ba a buga su kaɗan. Za su sake fitowa da wani launi, su sake fitowa a fakiti mai biyar. Duk wanda ya so zai samu.

Mai Odar Kaya:
Zai samu a Malesiya, ɗan'uwa. A Kano fa? Tun da aka saki naira a Yunin 2023 motar da ba ta wuce dala ɗaya da 'yan kai a Amurka ba, kafin ta sauka a nan da kuɗin jirgi da na kwastan ta zama wani abu daban. Abin da yake banza a can, a nan dukiya ne.

Baban Ummi:
Maganar tsada gaskiya ce, ni na biya na sani. Amma bari in faɗi dalilina, don ba garaje na yi ba. Shekara uku na yi ina ajiye motoci a kwali, na jera su a bango da ƙusa. Damina ɗaya ta isa ta lanƙwasa kwalayen saboda laima. Da zafin Afrilu ya zo, robar da ke rufe su ta fara komawa rawaya, wasu gam ɗin ya saki da kansa. Waɗanda na zuba a katan na tura ƙarƙashin gado kuwa, gara ta bi ta bango ta cinye bayan kwalaye goma sha ɗaya. Motocin ba abin da ya same su, kwalin da nake tattali ne ya tafi. Masu wannan al'ada ta bari a rufe suna da ɗakuna masu sanyi dare da rana. Mu da wuta ke zuwa ta tafi, muna gadin takarda ne a ƙasar da takarda ba ta daɗewa. Sannan idan mota tana cikin roba, gefe ɗaya kawai kake gani. Ba ka san nauyinta ba, ba ka ga ƙasanta ba, ba ka san ko tana tafiya ba. Ta yaya za ka ce wa mutane ga kyawunta ga aibinta?

Sabon Shiga:
Salam manya. Ni wata biyu kenan da farawa, ina da guda tara. Tambaya nake da ita, ku yi haƙuri idan ta yara ce. Wani a Instagram ya turo mini hoton wata ya ce “Super” ce, kuɗin da ya faɗa ya ninka na sauran sau da yawa. Mene ne Super ɗin, kuma ta yaya zan gane ta gaske?

Ɗalibi a Penang:
Tambaya ce mai kyau, kada ka biya tukuna. Abin haka yake: motocin gama-gari suna fitowa ne katan-katan, kowane katan mota 72, kuma ana yi wa katan ɗin harafi daga A har Q a cikin shekara, ban da I da O. Tun 1995 aka fara saka wasu da ake kira Treasure Hunt, wato sai ka tona ka dace. A 2007 aka raba su biyu. Ta talakawa tana da ɗan tambarin harshen wuta a cikin da'ira a jikinta. Super kuwa abu uku za ka duba: fenti mai zurfi mai sheƙi kamar alewa, wanda ƙarfe ke haskowa ta ƙarƙashinsa, tayoyin roba mai laushi masu kama da na gaske, da haruffan TH a wani wuri a jiki. Idan tana kwali, akwai tambari mai ruwan zinare a bayan motar. Ba kowane katan ke ɗauke da ita ba.

Inda ake cutar mutane shi ne a ɗauki ta gama-gari a huda ƙusoshin ƙasa, a canza taya, a manne. Ka ce ya turo maka hoton ƙasanta da haske sosai. Ƙusar masana'anta kanta a buɗe yake kamar naman kaza, sumul. Idan ka ga gam, ko sukurun, ko alamar an huda, ka bar masa kayansa.

Sabon Shiga:
Na gode yaya. Na tambaye shi hoton ƙasan, ya karanta bai amsa ba.

Makaniken Kakuri:
To ka samu amsarka ai, yaro.

Ina karanta ku tun safe, ban so in sa baki ba, amma akwai abin da ke ci mini rai. Shekara arba'in ina kwance ƙarƙashin Fijo a Kaduna. Kuna ta Ferrari, Ferrari. Wa ya taɓa kai matarsa asibiti a Ferrari a cikinku? Fijo 504 ta fito a 1968, shekarar da Hot Wheels ɗin naku ya fito da motocinsa 16 na farko. A 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 aka fara haɗa Fijo a nan Kakuri, kuma 504 ta ci gaba da fitowa a nan shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Ita ce motar gwamna, ita ce ta ɗan sanda, ita ce ta tasha, ita ce ta kai amarya. Amma ka zagaye shagunan kayan wasa na Kaduna kaf, ba za ka ga ƙaramarta ba. Jikokina sun san sunan motocin Japan da ba su taɓa gani a titi ba, ba su san motar da ta ciyar da kakansu ba.

Mu da muna yara da hannunmu muke yi. Bayan girbi mu tsinto karan dawa, mu ɓare bawon, mu yi ta soka shi a cikin totuwar har gingimari ta tashi da bodinta. Da muka ƙara wayo muka koma gwangwanin madara da langa-langa, mu yanka tsohon silifa mu yi taya, mu ɗaura doguwar waya ta zama sitiyari. Kuma abin da muke gani a hanya shi muke ƙerawa: akori-kura, Marsandi 911 mai dogon hanci, tankar mai. Ba wanda ya taɓa ajiye motar kara don ta yi tsada.

Baban Ummi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kun taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Cikin huɗun da suka zo, ɗaya Matchbox ce, Marsandi W123 doguwa mai ƙofar baya, kuma saboda irin wannan dalilin na saye ta: irinta mahaifina ya riƙe. A wannan fannin Matchbox sun fi kusa da mu, don sun fi son motocin da ake gani a titi, ba sa kumbura taya ko su cika zane. Tomica ta Japan ma haka. Suna da Hiace, suna da Hilux, suna da Land Cruiser 300. Kuma suna da wata ɗabi'a da nake so, suna rubuta ma'aunin kowace mota a ƙasanta, wata 1/61, wata 1/65 (wato sau nawa ta gasken ta ninka ta a tsawo), don su sanar da kai cewa an daidaita ta da girman akwati ne. Ka danna ta ka ji tana lotsawa kamar mai sifirin. Sabbinsu kan fito Asabar ta uku a kowane wata.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida Baba na Kaduna. Ku zo wajenmu, Baba, 504 ba ta ɓace ba. Mu a Nijar da Majorette muka tashi, ta Faransa, wadda Emile Véron ya kafa a 1961 kusa da Lyon. Lokacin da nake lakwal duk yaron da babansa ya je Yamai ya dawo da Majorette mai buɗe ƙofa, ranar shi ne sarki. 'Yan gidan Véron ɗin ne kuma suka kafa Norev tun 1946, sunan ma nasu ne aka juya shi ta baya. Norev har yanzu suna yin 504 a ma'aunin 1:43 da 1:18. Ni ina da ta 1:43, wani ɗan'uwa ya taho mini da ita. Fitilun gaban nan masu kusurwa da but ɗin da ya zube ta baya, duk sun fito daidai. Duk wanda ya taɓa hawa 504 daga Maraɗi zuwa Katsina ta Jibiya, an cusa ku kamar goro a huhu, idan ya riƙe ta sai ya yi shiru.

Abu ɗaya dai, ba ta wasa ba ce. Madubin gefe da goge-gilas sirara ne ƙwarai, yaro zai karya su cikin minti ɗaya.

Makaniken Kakuri:
Ɗana, turo mini hotonta ta baya da ta ƙasa. Ina so in ga ko sun yi bambar daidai, kuma ko salansa na gefen da ya kamata.

Malama Mai Alli:
Assalamu alaikum. Ni ba mai tarawa ba ce, maigidana ne ya sa ni a nan don in riƙa ganin abin da ke cinye masa lokaci, kuma na zauna saboda ina ƙaruwa. Amma ina da magana biyu. Ta farko, ina koyarwa a firamare, ajina yara sun haura saba'in, da yawansu ba su taɓa riƙe abin wasan da aka saya a shago ba. Idan na ji ana cewa a sayi biyu a rufe ɗaya har abada, zuciyata ba ta kwanciya. Ban ce haramun ba ne, kowa da abin da yake sha'awa, wani doki, wani tattabaru. Amma mu riƙa tambayar kanmu inda sha'awa ta tsaya da inda almubazzaranci ya fara, musamman a wannan yanayi.

Ta biyu tambaya ce. Waɗanda ake sayarwa a baro da sallah, marasa suna, fentinsu na fita a hannu. Yara kuma komai baki. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ina jin tsoro. Akwai hanyar ganewa?

Injiniya Mai Zubi:
Malama, da ido ba a gane dalma a fenti, sai an gwada a ɗakin bincike. Abin da za ki iya shi ne ki juya motar. Ta kirki za ki ga sunan kamfani, da sunan motar, da ƙasar da aka yi ta, a zube a jikin ƙasan. Wadda ba ta da komai, ba wanda zai amsa idan ta yi illa. Fentin da ke fita a yatsa kuwa, a raba yaro da shi kawai. Kuma ko ta kirkin ce, an rubuta a kwali ba ta yaron da bai kai shekara 3 ba, saboda taya na iya cirewa ya haɗiye.

Tunda an zo nan bari in ɗan faɗi yadda ake yin su, don na ga sababbi da yawa. Kun san masu zubin tukwane da ke narka gwangwani su zuba a ƙasa? Dangin aikin ne, sai dai nan ma'ajin zubin na ƙarfe ne mai tauri, kuma da ƙarfin inji ake tura narkakken ƙarfen ciki, shi ya sa har layin ƙofa da hannunta suke fitowa. Ƙarfen ana ce masa zamak: mafi yawansa zink ne, da ɗan alminiyon, da magniziyom, da jan ƙarfe. Idan dalma ta gurɓata haɗin, bayan shekaru sai motar ta fara kumbura tana tsattsagewa har ta ruguje da kanta. Hakan ya ci motocin wasa na Dinky da yawa na shekarun 1930. Ba magani, kuma laima na ƙara masa gudu. Don haka duk wanda aka kawo wa tsohuwar mota yana ganin ƙananan tsaga kamar busasshiyar fadama, ya sani ba fenti ba ne kawai.

Baban Ummi:
Malama, maganarki ta farko ta shige ni. Kuma tarihin abin ma yana bayanki. Matchbox ta samo asali ne a 1953 daga Jack Odell na kamfanin Lesney a Landan, wanda makarantar 'yarsa ta ce ba a zuwa da abin wasan da ya fi ƙarfin gidan ashana. Ya ƙera mata ƙaramar motar daɓe titi ta saka a ciki ta tafi da ita aji. Yarinya aka yi wa, don ta sa a aljihu ta nuna wa ƙawaye. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce biyu a wata, kuma duk wadda na samu irinta biyu, ta biyun ta yaran unguwa ce. Idan kina so, akwai guda shida a nan da zan ba maigidanki ya kai miki aji.

Malama Mai Alli:
Ina so ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi darasin awo da su. Idan an ce 1:64, su auna motar da rula su ninka, su fita su auna ta hedimasta su gani.

Mai Odar Kaya:
Na ji duk abin da aka faɗa. Ban sauka daga ra'ayina ba a kan na musamman. Super, ko 'yan Red Line Club, layin masu tarawa na Hot Wheels da ake bugawa da adadi, ko Mini GT da Tomica Limited Vintage da ke zuwa a akwati, wanda ya wulaƙanta kwalinsu ya yi asara, kuma akwai robar kariya da ake saka kwalin a ciki, tana maganin laima da ƙurar hunturu. Amma a kan 'yan gama-gari, na yarda Alhaji yana da hujja, musamman maganar gara, don ni ma ta taɓa yi mini.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Idan katan ya zo mini, nakan buɗe in tsince masu kyau in ware su da wani farashi, sauran in zuba wa shago. Kowa a sana'ar haka yake yi, amma na san shi ya sa yaro kamar Sabon Shiga ba zai taɓa dacewa da komai a kan kanta ba, sai ya faɗa hannun irin wancan na Instagram.

Ɗalibi a Penang:
Ko a nan haka ne, yaya. Ana buɗe shago za ka tarar da manya tsaye suna jiran a fito da katan.

Sabon Shiga:
To idan katan na gaba ya zo, ba za a iya buɗe shi a gaban mutane ba? Kowa ya zo, a yi ƙuri'a, wanda ya fito farko ya fara zaɓa, farashi ɗaya.

Mai Odar Kaya:
Katan ɗaya zan iya, ba duka ba, ni ma da iyali. Wanda ke hanya ina sa ran shi ƙarshen wata. Zan bar shi da tef ɗinsa, mu haɗu a shagona ranar Asabar bayan la'asar. Mutum goma sha biyu, kowa shida. Masu so su rubuta suna a ƙasa.

Baban Ummi:
Sa ni. Kuma ka tambayar mana kuɗin 504 ta Norev, 1:43, guda biyu. Ɗaya tawa, ɗaya ta Baba, ni zan biya.

Makaniken Kakuri:
Allah ya yi maka albarka, ya raya Ummi. Idan akwai zaɓi, fara nake so, doguwar nan ta tasha mai kujera layi uku. Ɗan Maraɗi, har yanzu ina jiran hoton nan.

Ɗan Maraɗi:
Wuta ta ɗauke, Baba, hoton dare ba zai nuna salansar ba. Da safe in sha Allahu zan fito da ita rana in ɗauka.